Ɗaliban Aro na Malam Modu

Duk ranar da na leƙa ofis tun bayan da na ajiye aiki, sai na tarar da ku a gindin dalbejiya, kowa ya rungume kwamfutar hannu, kuna hira wai aikin duba makarantu ba wani abu ba ne. Ka shiga aji, ka ƙirga maza, ka ƙirga mata, ka danna, ka dawo gida kafin azahar. Rannan har wani a cikinku yake ce min, "Ya Bintu, ku da me kuka yi shekaru kuna yi?" To ku zauna in gaya muku. Sashen da kuke ciki yanzu, na duba ko ana yi wa 'ya'ya mata da maza daidai a makaranta, da ni aka buɗe shi, lokacin tebur ɗaya gare mu da kujera mai ƙafa uku.

Fitata ta farko wata firamare ce a Ajilari, ina bayan Malam Kyari, wanda ya koya min aikin. Tsohon sufeto ne, siriri, ba ya dariya sai in zai ci mutuncin wani. An ɗauko ni daga aji aka haɗa ni da shi don an ce sashen yana buƙatar mace. Na sha lafaya sabuwa da takalmi mai tsini, don ni a tunanina sufeto a ofishin hedimasta take zama a kawo mata lemo. Hedimasta ya fito yana washe baki, ya nuna mana ƙofar ofis. Malam Kyari ya gaishe shi, ya wuce ta gefensa, ya nufi bayan makaranta. Ina binsa takalmina yana nutsewa a rairayi, har muka tsaya a gaban ban-ɗaki. Ƙofa biyu ce, an rubuta maza a ɗaya, mata a ɗaya. Ta matan da ƙaton kwaɗo.

"Ina mukulli?" in ji Malam Kyari.

Hedimasta ya ce yana wurin malamai, don yara suna ɓata wurin.

Malam Kyari ya juyo gare ni ya ce, "Malama Bintu, mun gama. Sauran duk shan lemo ne."

A hanya ya yi min bayani. Yaro namiji bayan katanga ya ishe shi. Yarinya kuwa, da zarar ta fara girma ta fara ganin al'ada, in babu wurin da za ta kewaya da ruwa da ƙofa mai rufuwa, to tafiya gida za ta yi lokacin tara, gobe ta yi latti, jibi ba za ta zo ba. Shi ya sa aji ɗaya da aji biyu kullum a cike suke da mata, aji biyar da shida kuma sai ka yi ta nema. Tun daga ranar ban sake fara duba makaranta ta gaba ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Takalmi shimfiɗaɗɗe, laima, biro biyu don ɗaya zai ɓace a hannun hedimasta, da goro na maigadi. Kada ku raina maigadi, shi ya san wace yarinya ce ke fita da tsakar rana da kuma malamin da yake aikenta. Sai hanci. Kwamfutarku ba ta jin wari, kuma rabin abin da ake nema a aikin nan da hanci ake gane shi. Sai zuwa da wuri. Wanda ya isa makaranta bayan an shiga aji ya rasa kallo mafi kyau, wato shara. Ku tsaya ku ga wa ke riƙe da tsintsiya, wa ke riƙe da bulala yana kula da masu sharar. Na ga makarantar da mata da maza suka zo kai ɗaya a ƙirga, amma duk monitocin maza ne, duk masu ɗebo wa malamai ruwa mata ne. A takarda makarantar nan ta ci jarrabawa. Na zauna a bayan aji ina kallon malamin lissafi, tambaya ta yi wuya ya kira Bukar, allo ya yi datti ya kira Falmata.

Wani zuwa da muka yi Zabarmari kuma, da kaka, muka tarar da aji fal da 'yan mata, maza ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Baƙon da muka zo da shi daga wata ƙungiyar agaji har da tafi, ya ce a ɗauke shi hoto, ga makarantar da ta zama abin koyi. Malam Kyari ya bari aka gama hoton, sannan ya kai shi bakin fadama ya nuna masa sauran ɗaliban. Suna can cikin shinkafa da gwangwanaye suna korar tsuntsaye. Baƙon ya tambaya ko za a iya gyara rahoton. Da ma aikin ba na mata kaɗai ba ne, duk wanda aka rasa a aji sai an tambayi inda yake.

Mutanen da muke hulɗa da su iri-iri ne. Akwai iyaye, waɗanda suke ɗaukarmu masu rabon kaya. Akwai baƙi daga Abuja, masu son a gama da wuri don jirgi. Sai hedimastoci, kuma su ne abokan fafatawa. Ranar zuwan masu duba sirri ce, shi ya sa kowa ya santa, har mai sayar da ƙosai a ƙofar makaranta takan ƙara ƙulli a ranar. Kuma akwai wata al'ada tsakanin hedimastoci da ba a rubuta ta ko'ina ba, wato aro. Yadda mata suke aron tabarmi da tukwane in biki ya tashi, haka suke aron benci, aron taswira, aron malamin turanci. Da aka buɗe sashenmu aka fara tambayar mata nawa ne a aji, sai aka ƙara da aron ɗalibai mata. Ba sa ganin abin a matsayin cuta. Zumunci ne, yau ka fitar da ni kunya, gobe in fitar da kai. Gane ɗalibar aro ba wuya. Ka ce ta nuna maka inda ake ajiye alli, ko ka ce wa malamin ajin ya kira ta da sunanta.

Shekarar da ta fi kowace wuya a wurina ita ce ta ambaliya. Lokacin Malam Kyari ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, ni ce babba a sashen. Makarantu sun zama matsugunin mutane, benci ya zama itacen girki, rijista ta zama kunu. Da aka koma karatu sai wata ƙungiya ta ce za ta gina ban-ɗaki na mata, da famfo da tanki, a makaranta guda a wajen Dusuman. Guda kawai. Sharaɗin shi ne a ba makarantar da ta fi riƙe 'yan mata.

Makarantu biyu ne a wurin. Ɗaya a bakin titi, hedimastanta Malam Modu, mai ƙaton ciki da daɗin baki, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ka ba shi kyauta. Ɗalibansa mata kaɗan ne, kuma bai taɓa rasa barci a kan haka ba. Ɗayar tana can ciki bayan gonaki, shugabarta Malama Yagana. Ita wannan baiwar Allah gida-gida take bi. Ta san kakar kowace yarinya, ta san wadda ke talla da safe sai ta yarda ta zo a makare, ta san uban da sai an zauna an sha shayi da shi sau uku kafin ya ce to. Makarantarta ta cika da mata har aji shida, abin da ba kasafai ake gani ba. Amma ruwa ya rushe ɗan ban-ɗakin da take da shi, sai zana da ta kafa. Manyan 'yan matan sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, iyaye mata kuma sun gaya mata ƙarara, in ba a yi wurin kewayawa ba za su janye 'ya'yansu. Duk wanda ya san wurin ya san ginin nata ne, zuwa kawai za mu yi mu tabbatar.

Aka aiko mana da Dakta Rabi daga Abuja, Bakanuwa, doguwa, mai tabarau a kan hanci. Ba irin baƙin da ake zagayawa da su ba ce, ta yi aikin aji kafin ta yi digirori. Jadawalin ofis ya ce ranar farko makarantar Malam Modu, washegari ta Malama Yagana. Muna dab da isa, har ana hango tutocin da Malam Modu ya kafa, sai ta taɓa kafaɗar direba.

"Wuce. Mu fara da ta ciki." Ta dube ni ta saman tabarau. "Hajiya Bintu, na san an shirya mana. Ni kuma ba na son abincin da aka daɗe da zubawa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yadda kika ce."

Dabara ce mai kyau, ni ma da ita na yi shekaru ina kama mutane. Sai dai a ranar ban so ta ba, don na san abin da ke tsakanin shugabannin makarantun biyu. Lokacin da ruwa ya cinye makarantar Malama Yagana, Malam Modu ne ya ba ta azuzuwansa da yamma ta ci gaba da karatu, da ruwan ya janye ya bi ta da benci cike da mota. Mutumin da ya yi maka haka in ya aiko yana neman aro, da wane baki za ka ce a'a? Ita kuma lissafinta mai sauƙi ne. Yau a ga 'yan matanta a wurinsa ya tsira da mutuncinsa, gobe a gan su a wurinta, su da ƙannensu, ta ci ginin.

Muka isa muka tarar da makaranta kamar an yi shara. Maza suna nan suna ta ihu, sai ƙananan 'yan mata na aji ɗaya da biyu masu majina. Daga aji uku zuwa sama babu mace ko ta magani. Malama Yagana ta fito daga ofis da alli a hannu, ta gan mu, ta tsaya cak, sannan ta yi gaisuwa irin ta mutanenmu.

"Wushe, Ya Bintu. Ai gobe aka ce."

"Wushe, Malama. Yau ta zama gobe."

Dakta ta zaga azuzuwa, ta dawo. "Malama, ina 'yan matanki?"

"Sun fita, ranki ya daɗe."

"Dukkansu? Ina suka je?"

"Za su dawo."

Aka yi ta juya tambayar, amsar ba ta canza ba. Na ja ta gefe na ce, "Yagana, ki faɗa mata. Ginin nan zai wuce ki." Ta ce, "Ya Bintu, bencin da baƙuwarki ta zauna a kai yanzu nasa ne. In na buɗe baki, cire shi za a yi, ga iyali." Haushi ya kama ni, har na ji kamar in girgiza ta, kuma ban taɓa ganin girmanta kamar a lokacin ba.

Dakta ba ta tsaya jiranmu ba. Ta zaga baya ta ga zanan, ta ga butoci jere. Ta tsaya a filin wasa tana kallon ƙasa, inda zanen 'yar gala-gala ya cika ko'ina, wasu ma na safiyar ranar ne. Ta ce min a hankali, "Maza ba sa wannan wasa. Amma ni abin da na gani da ido zan rubuta, ba zane a ƙasa ba." Gaskiyarta ce, dokar aikin ke nan. Kuma akwai doka ta biyu da na koya a hannun Malam Kyari, sufeto ba ya kai gulma, sai dai ya kai mutum inda zai gani da kansa. Sai na ce, "Malama Yagana, ba kin ce za ki fita bakin titi ba? Shigo mu rage miki hanya." Ba ta ce haka ba, amma a gaban baƙuwa ba ta iya ƙaryata ni. Ta shiga mota tana harara ta.

Malam Modu ya yi shiri na gaske. An yayyafa ruwa a fili, an shafa wa duwatsu farar ƙasa. 'Yan mata sun yi layi biyu tun daga ƙofa, duk cikin koren hijabi irin na makarantarsa. Yana da buhu guda na hijaban nan da yake ajiyewa a saman kabad don irin wannan rana, shi ya sa za ka ga na wata ya share ƙasa, na wata ko gwiwar hannu bai kai ba, a ƙasa kuma ga shuɗin wandon makarantar ciki yana leƙowa. Tun safe suke tsaye a rana. Da muka tsaya ya ɗaga hannu, suka fara waƙar maraba. Dakta ta fito, suna waƙa. Na fito, suna waƙa. Malama Yagana ta sako ƙafa waje, sai waƙar ta mutu.

"Malama! Ga Malama!"

Layi ya watse. Suka yo kanta gaba ɗaya, wannan tana cewa ƙishirwa take ji, waccan tana kai ƙarar an taka mata takalmi, wata ƙarama tana tambaya ko yanzu za su iya komawa makarantarsu, don ta bar abincinta a aji. Ita kuwa Malama ta manta da mu sarai, tana kiran kowace da sunanta tana gyara musu hijabi. Malam Modu ya rage shi kaɗai a tsakiyar fili da hannu a sama.

Dakta ta cire tabarau ta goge. "Malam, waɗannan ɗalibanka ne?"

Ba zan manta amsarsa ba. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, har zuwa azahar nawa ne."

Direba ya fashe da dariya, ni ma na juya baya. Malam Modu ya matso ya rage murya. "Hajiya, aro ne, kuma ni na roƙa. Ki rubuta mata su duka. Ita ta yi wahalarsu, ni hijabi kawai na sa." Dakta ta ce za ta rubuta abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, kuma ta rubuta. Malam Modu ya sha takardar gargaɗi, ya ce ya ajiye ta tare da 'yan uwanta. Aka tabbatar gini na makarantar ciki ne. Na koma gida ranar ina jin daɗi kamar ni aka yi wa.

Sai injiniya ya zo. Ya tsaya inda ruwa ya yanke hanyar shiga, ya dubi ramin, ya ce babu babbar motar da za ta ƙetare nan da nauyin bulo da tanki, kuma kuɗin ƙungiya na ban-ɗaki ne, ba na gada ba. Wa'adin aikin kuma ya kusa cika. Muka rubuta, Dakta ma ta buga waya daga Abuja har ta gaji. Mutanen ƙauyen suka ce za su ɗauki bulon a amalanke, aka ce tsarin bai tanadi amalanke ba. Ƙarshenta aka ce tunda duk Dusuman ce, a gina a mafi kusa. Na kuma lura bakin titi ya fi daɗin yanka ƙyalle, manyan baƙi ba sa ɓata takalmi. Haka aka gina wa Malam Modu ban-ɗakin mata mai ƙofofi jere, da famfo da tanki, ga 'yan matan da ba su cika benci uku ba. Ranar buɗewa shi da kansa kunya ta hana shi yin jawabi.

Abin da ya biyo baya a bakin maigadinsa na fara ji. Farkon sabon zango, Malama Yagana ta sake bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya wa iyaye cewa a bakin titi akwai wurin kewayawa da ruwa, tafiyar da ɗan nisa amma yara za su riƙa tafiya a ƙungiya. Rannan da safe ta tattaro manyan 'yan matanta, aji biyar da shida da duk wadda ta fara tasawa a aji huɗu, ta sa su a gaba, ta taka da su ta cikin gonaki har ofishin Malam Modu. Ta sa shi ya rubuta sunayensu a gabanta, ta sa ya maimaita kowane suna yana kallon mai shi. Ta karɓi mukullin ban-ɗakin daga aljihunsa ta damƙa wa babbar cikinsu. Sannan ta juya ta koma ita kaɗai.

Da shekara ta zagayo aikin duba ya sake kai ni wurinta. Aji ɗaya da biyu a cike, kamar kullum. Aji shida maza zalla. Duk yadda na juya biro, makarantar ta faɗo cikin na ƙasa, kuma dukkanmu mun san abin da ake yi wa shugabar da makarantarta ta faɗo can, ɗauke ta ake yi a mayar da ita aji a wani wuri. Na zauna a ofishinta na kasa rubutu. Na ce, "Yagana, ki aika wa Modu ya ba ki aronsu na wuni ɗaya. Zan dawo jibi."

Ta yi dariya. "Suna jarrabawar gwaji satin nan, Ya Bintu. Ba zan tashe su daga aji don a ƙirga su ba. Rubuta abin da kika gani."

Na rubuta. Ta rako ni har mota, na shiga, direba ya tayar. Sai ta ƙwanƙwasa gilashi, na sauke.

"In kin isa bakin titi, ki leƙa min aji shida ki ga ko Kaltum tana nan, doguwa, mai tabo a goshi. An ce min kwana biyu ba ta zuwa. In ba ta nan ki aiko min, Modu bai san gidansu ba."